Dalilin da ya sa nake farautar gizo-gizo

Mutanen zangonmu da dama sun tambaye ni abin da zai sa magidanci da hankalinsa ya bar shimfiɗarsa da dare, ya tafi bakin teku neman gizo-gizo. To, ga amsata.

Na daɗe ina yi wa ɗalibai masu nazarin halittu rakiya a yankin Cape Coast. Kayan aikinmu ba su da tsada: tocilar ɗaurawa a goshi, farin ƙyalle, sanda, da ƙananan kwalabe masu sifirit. A kurmin Kakum, wanda ya zama gandun gwamnati a 1992, ba a taɓa komai sai da takardar izini. Mukan shimfiɗa ƙyalle a ƙarƙashin reshe, a buga da sanda, abin da ya faɗo a tsince. A nan ake ganin babbar nan mai saƙa ruwan zinariya, yanarta kan kai faɗin mita guda, mijinta kuwa ɗan mitsitsi ne a raɓe gefe. Ashe a wannan gida Ƙoƙi ke da iko, ba Gizo ba.

Na bakin teku dabam suke. Da yawansu ba sa kafa yana, da ƙafa suke farauta. In ka haska rairayi sai ka ga idanunsu na ƙyalli. Uwar takan ja ƙunshin ƙwayayenta duk inda za ta, in sun ƙyanƙyashe ta goya su a baya.

Dattawa kan tuna mini da labarin saƙar da aka yi a bakin kogon Sauru, su ce me ya sa muke kashe wannan halitta? Gaskiyarsu. Shi ya sa kaɗan muke ɗauka, kuma kowace kwalba sai an rubuta mata wuri da rana. A 2022 ire-iren gizo-gizon da masana suka raɗa wa suna sun kai 50,000, kuma saura da yawa. Wani lissafi na 2017 ya ce a shekara suna cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu. Manomi ya san darajar wannan.

Abin da ke damuna shi ne motocin ɗibar yashi. Akwai gaɓar da muka saba zuwa, yanzu an kwashe tudun, ciyawar da ke riƙe ƙasa ta tafi, tocila ba ta haska komai. Wanda ya ga yadda teku ya ci garin Keta ya san ƙarshen irin wannan. Kwalabenmu kaɗai suka rage shaidar abin da ya zauna a wurin.

Saboda haka iyaye, in kun ga yaro ya tsuguna yana kallon gizo-gizo, kada ku kore shi. Ku saya masa littafi da biro.