Baltimo, Garin da Ake Auna Kaurin Ruwan Jiki

Baltimo gari ne na bakin ruwa a jihar Merilan ta Amurka, tafiyar kamar sa'a guda a jirgin ƙasa daga Washintan. Baƙo zai fara lura da jerin gidajen jan bulo masu jingine da juna, da tashar jiragen ruwa, da ƙaguwar da mutanen garin ke alfahari da ita. Ni kuwa abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne Jami'ar Johns Hopkins, wadda aka buɗe a 1876 da dukiyar wani attajiri mai wannan suna. Dala miliyan 7 ya bari wasiyya, aka raba tsakanin jami'a da asibiti, asibitin ya fara aiki a 1889. Har gobe motar safa tana kai-komo tsakanin harabar Homewood, inda injiniyoyi suke, da asibitin da ke gabashin gari. A cikinta za ka ga ɗalibin injiniya da likita mai neman ƙwarewa kafaɗa da kafaɗa suna musu a kan aiki ɗaya.

A wannan asibiti ne a 1951 aka ɗebi ƙwayoyin halitta daga jikin Henrietta Lacks ba da saninta ba, suka zama ƙwayoyin ɗan Adam na farko da suka ci gaba da hayayyafa a ɗakin gwaji ba yankewa. Tun daga lokacin, masana a duniya suna renon ƙwayoyi a cikin wani ruwa tsararo. Amma ruwan da ke ratsa naman jikinmu ya fi wannan kauri, musamman a kewayen sankara, inda hanyoyin tsane ruwa ke toshewa, manyan sinadarai su taru. Shekara da shekaru hankali ya fi karkata ga taurin saƙar da ƙwayoyi ke kwance a kanta, wato zaruruwan kolajin da 'yan'uwansu, aka bar ruwan da ke cike ramukan saƙar.

Ƙungiyar Farfesa Konstantinos Konstantopoulos na Jami'ar Johns Hopkins ta kama wannan tambayar. Suka ƙara wa ruwan reno kauri kusan ninki 10, daga 0.77 zuwa 8 a ma'aunin santifoyis, suka zuba wa ƙwayoyin sankarar mama ido. Kowa ya san ludayi ya fi saurin juyawa a ruwa fiye da cikin kunu mai kauri, don haka abin da hankali zai ba ka shi ne ƙwayar za ta rage gudu. Ashe ƙara sauri take yi. Sakamakon ya fito a mujallar Nature a 2022.

Da aka nuna mini hoton bidiyon irin wannan gwaji, na daɗe ina kallo ina tasbihi. Ƙwayar tana jin nauyin ruwan a goshinta, sai ta tara zaren aktin ta saƙa shi da yawa a wurin. Wannan ya jawo wani furotin mai suna NHE1 zuwa gaba, ruwa ya shiga, ƙwayar ta kumbura, fatarta ta ɗaure. Ɗaurewar ta buɗe wata ƙofa mai suna TRPV4, sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki, ƙwayar ta ƙanƙame jiki ta tura kanta gaba da ƙarfi. A shekarar dai, wani bincike na Yun Chen ta wannan jami'a tare da Sergey Plotnikov na Jami'ar Toronto ya nuna cewa ruwa mai kauri yana danne gefen ƙwaya mai kaɗawa, ta baje, ta ƙara ƙarfin jan abin da take kwance a kai. Ke nan kaurin ruwa yana taɓa saƙar ma, ta hannun ƙwayar da ke fizgar ta.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne ƙwayoyin ba sa mantuwa. Waɗanda suka kwana shida a ruwa mai kauri sun riƙe sabon halinsu bayan an fitar da su. A jikin 'ya'yan wani ɗan kifi mai jiki shara-shara an ga sun fi saurin tafiya, a jikin ɓeraye kuma sun fi kafa sansani a huhu. Yaɗuwar sankara zuwa wasu gaɓoɓi ita ce ke kashe mafi yawan masu cutar, saboda haka sanin ƙofar da ƙwayar ke amfani da ita ya ba masu haɗa magani wurin da za su nufa.

Mutanen Baltimo sun burge ni da rashin raina tambaya. Injiniyan da ya koyi lissafin gudun ruwa a bututu ya kawo iliminsa kan ƙwayar da ido ba ya gani, likita ya saurare shi, aka ba su kayan aiki da lokaci. Da irin wannan haƙuri da girmama sanin juna ake samun ilimin da wata rana zai tsaya tsakanin wata uwa da ciwon da ke neman yaɗuwa a jikinta.