Matakala Uku a Titin Gidan Zoo

Titin Gidan Zoo da ke birnin Kano ba ya rabuwa da jama'a, musamman daga la'asar zuwa bayan isha'i. 'Yan adaidaita-sahu na ta danna hon, masu tsire na fifita wuta, ga ƙananan gidajen abinci jere da shagunan sutura da na wayoyi. Akwai wani abu da mai tafiya da ƙafa ba ya lura da shi: yawancin shagunan sun fi titin tudu. Sai ka tsallake lambatu, sannan ka hau matakala biyu ko uku kafin ka isa ƙofa. Magina suna da dalilinsu. Idan damina ta yi nisa, musamman a watan Agusta, magudanan ruwa kan cushe da leda da yashi, ruwa ya malalo ya shiga ɗakuna. Shi ya sa ake ɗaga daɓe. Sai dai tudun da ya hana ruwa shiga, shi ne kuma yake hana wasu mutane shiga.

Mun ga haka da idonmu ranar wata Asabar, da Baba ya kai mu cin abinci don taya ƙanwarmu murnar gama jarrabawar NECO. Mu bakwai ne har da Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, wanda shan inna ta kama yana ɗan shekara huɗu. Gyaran waya ce sana'arsa, kuma da kekensa mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu, yake zuwa aiki kullum. A ranar dai keken guragu mai naɗewa muka saka masa a bayan mota.

Gidan abincin ƙarami ne, tebur shida, ƙamshin miyar taushe har bakin titi. A kan lambatun an shimfiɗa katako biyu da rata a tsakani, kuma ƙaramar tayar keken ta gaba tana iya faɗawa ciki. Bayan nan ga matakala uku. Wasu samari suka taso da gudu za su taimaka, ɗaya har ya cafki wurin ɗora ƙafa. Kawu ya ce, "Dakata ɗan samari, wannan cirewa yake yi. Idan ka ɗaga ta nan, a ƙasa za ku tsince ni." Shi ya nuna musu yadda ake yi: a juya keken da baya, a ɗan kwantar da shi a kan manyan tayoyi, mutum ɗaya ya ja ta sama, biyu su riƙe ƙarfen jikinsa ta ƙasa, a hau matakala ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da ke ciki duk suka bar cin abinci suna kallo.

Da muka shiga, sai aka matsar da tebur biyu kafin keken ya samu hanya. Yaron da ke kai abinci ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, shi kuma me za a kawo masa?" Kawu ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ƙafa ce ba ta aiki, baki lafiyarsa ƙalau. Tuwon shinkafa, kuma kada ka yi mini rowar nama." Kowa ya yi dariya, har yaron.

Abinci kam ba a cewa komai. Masa mai zafi, farfesun kayan ciki, zoɓo mai sanyi da kunun aya. An kawo buta da kwano har tebur don wanke hannu, al'adar da ta sauƙaƙa wa Kawu ba tare da an shirya ta dominsa ba. Amma mun lura ko rabin kofin zoɓo bai sha ba. Tun shigowarmu ya hango ƙofar banɗaki, siririya ce, ga dakali a bakinta. Wanda ya san ba zai iya shiga banɗaki ba, dole ya auna abin da yake sha, ko da ana zafin Kano.

Da za mu tafi, Hajiya mai gidan abincin ta fito ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Akwai ƙofar baya, can babu matakala." Ashe an yi gangara da siminti a wurin don a riƙa turo buhunan shinkafa da gawayi a baro. Ta nan Kawu ya fita, ta tsakanin tukwane da murhu. Ya yi mata godiya, ya ƙara da cewa, "Hajiya, idan buhu ya samu hanya, mai saye ma ya kamata ya samu, kuma ta gaba." Ta ce za ta yi magana da mai ginin.

Wannan ba maganar alfarma ba ce kawai. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna, amma waɗanda ta riga ta nakasa suna nan tare da mu. Ga waɗanda suka yi haɗarin mota, ga masu shanyewar ɓarin jiki, ga tsofaffi. Dukkansu matakalar nan take tsayarwa.

Ku ɗalibai, ga lissafin da za ku iya yi da kanku. Ƙa'idar da aka fi bi wajen gina gangara ita ce, duk tsayin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Matakala uku masu santimita 15 kowace, jimla 45 ke nan, suna buƙatar gangara mai tsawon santimita 540, wato kusan mita biyar da rabi. Idan babu fili ta gaba, ana iya bi da ita ta jikin bango. Ƙofa kuwa, faɗin santimita 90 ya wadatar da keke ya wuce a sake.

Ku ari abin awo wurin tela ko kafinta, ku auna ƙofar ajinku, da ta ɗakin karatu, da masallaci, da banɗakin makaranta. Ku rubuta abin da kuka samu, ku kai wa shugaban makaranta ta hannun malamin ajinku. Idan kuma akwai mai amfani da keke a cikinku, shi za ku fara tambaya inda ya fi ba shi wahala, domin ya fi kowa sanin hanyar.