Leɓen A-kori-kura

Gadon da mahaifinmu ya bar mana bai fi a ƙidaya da yatsun hannu ɗaya ba, kuma mafi nauyi a cikinsa ita ce tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 404. Samfurin nan ya fara fitowa a Faransa a 1960, ya kuma zama ɗan gida a ƙasar nan, musamman bayan da aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Da ita marigayin ya yi shekaru yana jigilar goro daga Shagamu zuwa Sabon Ibadan, da ita kuma aka biya mana kuɗin makaranta.

Da muka tashe ta daga dogon barci, sai muka sa mata tayoyi masu faɗin milimita 205 a madadin na 185 da muka tarar. Dalilin da muke faɗa wa mutane shi ne ta fi kama ƙasa da damina. Wanda ba mu faɗa kuwa, ƙawa ce. Bambancin bai wuce kaurin yatsa ba, amma ya isa. Duk sa'ad da muka faɗa rami sitiyari na karye, sai mu ji wata ƙara kamar ana yagar ƙyalle. Da muka duba, sai ga zane a kafaɗar tayar gaba.

Ƙarfen da ya yi wa taya rumfa yana da leɓe, wato bakinsa da aka lanƙwasa ciki domin ya ƙara masa ƙarfi. Wannan leɓe ne ke yankar taya. Magani shi ne a naɗe shi sama, ya kwanta a jikin rumfar, yadda tela ke kalmasa bakin riga. Akwai masu datse shi da abin yanka, sai dai yin haka na raunana ƙarfen, ya kuma buɗe wa tsatsa ƙofa.

Mun yi mako biyu muna jinkiri. Mu da sana'armu ita ce nazarin tsofaffin rubuce-rubuce, mun sha gargaɗin ɗalibai cewa kada mai tace rubutun ajami ya gyara baitin da bai gane ba don kawai ya dace da awon da ke kansa. Ga shi yanzu za mu tanƙwara abin da ba ya komawa yadda yake, saboda tayar da mu muka zaɓo.

Dattijon da ke gyaran jikin mota a unguwarmu bai ga abin dogon tunani ba. Ya ɗaga motar, ya cire taya, ya kankare lakar da ta daskare a bayan leɓen, domin tsakuwa ɗaya in ta maƙale za ta turo ƙarfen waje. Sa'an nan ya ɗaura wani ƙarfe mai gargare a kusoshin da taya ke zama, ya riƙa gasa fentin da na'urar hura iska mai zafi har sai hannu ya kasa daɗewa a kai. Fenti mai sanyi tsagewa yake yi, balle wanda ya tsufa. Ya riƙa kai gargaren yana komowa, yana ƙara ɗauri kaɗan-kaɗan, leɓen na miƙa wuya a hankali. Ɓangaren dama ya tafi lafiya.

A na hagu ne muka ji ƙas! Wani ɓawo mai faɗin tafin hannu ya ɓalle, ƙarƙashinsa kuma ba ƙarfe ba ne, cikon da ake shafe lotsewa da shi ne, mai kauri.

"Malam, motar nan ta taɓa cin duka a nan," in ji shi, yana shafa wurin. "Kuma ba ƙaramin duka ba."

"Baba, marigayi ya sha faɗa mana ko akuya bai taɓa bugewa ba."

Dattijon bai amsa ba, sai ya ci gaba da gasa ƙarfensa.

Da daddare muka tambayi mahaifiyarmu. Ta daɗe shiru, kana ta ce a hanyar Shagamu ne, shekarar da aka haife mu, barci ya sace shi da asuba domin ya kwana uku yana neman kuɗin ragon suna. Ya roƙe ta kada yara su ji.

Taya ta daina gugar ƙarfe. An shafa wa cikin leɓen maganin tsatsa, dattijon kuma ya ce mu kawo motar ya cike gurbin ya fesa fenti. Wata huɗu ke nan ba mu kai ta ba.