Hanyar Gigimi da Muryar Biram



Babbar hanyar nan da ake kira Hanyar Haɗin Kai ta taso ne daga birnin Yamai, ta ratsa Doso da Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, ba ta yada zango ba sai a N'Gigmi, garin da mutanenmu suka fi sani da suna Gigimi. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,500. Da yawa daga cikinmu sun san rabinta na yamma kamar tafin hannunsu, amma abin da ke gabas da Damagaram ba kowa ya taka shi ba. Allah ya nufe ni da bin ta a shekarar 2013, domin ziyarar wani ɗan'uwa da aiki ya kai can.

Da an bar Damagaram sai Mirya da lambunanta, sannan Gidimuni mai tafki da dabino, sannan Gure. Daga nan ƙasa take soma sauya kama. Gonakin hatsi suna raguwa, rairayi yana ƙaruwa. A yankin Gudumariya da Maine Sorowa, wato ƙasar Manga, matafiyi zai riƙa ganin kwaruruka a tsakanin tuddan yashi, cike da dabino da goriba, inda ake haƙar kanwa da dafa gishiri tun zamanin kakanni. A Difa kuwa kogin Komadugu Yobe ne ya raba Nijar da Nijeriya, kuma a bakinsa ake noman jan tattasan da ya yi suna har kasuwannin Maiduguri da Kano.

Bayan mun wuce Gure ne direbanmu ya saka wata waƙa a mota. Babu ganguna masu yawa, babu tarin 'yan amshi. Murya ɗaya ce mai kaifi da gurumi guda. Wani dattijo Babarbare da ke kusa da ni ya nuna wata turbar yashi da ta yi arewa, ya ce da ni: "Yaro, ka ga waccan hanya? Ita ke zuwa Tesker, garin mai wannan murya. Malam Maman Barka ke nan."

An haifi Maman Barka cikin zuri'ar Tubawa makiyaya a ƙarshen shekarun 1950. Ya yi karatun zamani, ya zama malamin makaranta, daga nan ne laƙabin Malam ya bi shi. Bai gaji kiɗa ba, son abin ne ya ja shi. Gurumin da ya yi suna da shi ba wani abu ba ne face ƙwarya da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya biyu ko uku. Da wannan ɗan abu ya rera waƙoƙi cikin Hausa da Barbarci da Tubanci, har sunansa ya game Nijar da arewacin Nijeriya.

Ya kamata a nan mu bambanta abu biyu da jama'a kan haɗa. Akwai makaɗan fada da maroƙa, waɗanda ke da ubangida, suna wasa shi ya ba su riga ko doki. Akwai kuma wani jinsi na mawaƙa masu zaman kansu, waɗanda ke tsara kalmominsu da kansu, su ɗauki abin kiɗansu da hannunsu, su yi magana a kan zaman duniya. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, yana cikinsu. Da kuntiginsa shi kaɗai ya yi wa karen mota waƙa, ya yi magana a kan auren dole da sharrin gulma. Irin waɗannan mutane su ne ke ajiye labarin talaka wanda ba a rubuta shi a littafi ba.

Daga Difa zuwa Gigimi tafiyar kilomita 130 ce ko kusa da haka. Gari ne na Barebari da Tubawa da Larabawa da Hausawa 'yan kasuwa, inda ayarin raƙuma daga Bilma kan sauke dabino da gishiri. Dattawan garin suna ba da labarin zamanin da ruwan tafkin Chadi yake zuwa har bakin gari, jiragen masunta suna tsayawa a inda yau sai ƙaya da yashi. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya janye mafi yawansa, ruwa ya yi nisa da Gigimi, ko da yake yakan ɗan dawo a shekarun da damina ta yi albarka.

A tsibiran wannan tafki Buduma suke zaune, su da kansu suna kiran kansu Yedina. Masunta ne kuma makiyaya, masu jiragen da ake ɗaurawa da ciyawar ruwa, masu shanun nan na kuri masu manyan ƙahoni da ke iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Suna da wani abin kiɗa da ake ce wa biram. Gangar jikinsa itace ne da aka sassaƙa da siffar kwalekwale, aka rufe da fata, aka ɗaura masa tsirkiya biyar. Da shi suke rera labarin kakanninsu da jarumansu, da kirarin ruwa da kifi da shanu. Da rayuwar tsibiri ta soma watsewa, sai samari suka daina koyo, har ya zamana saura tsoho guda da aka sani da ƙwarewa a kansa, mai suna Bukar Tar.

A shekarar 2002 hukumar UNESCO ta tallafa wa Maman Barka ya tafi bakin tafki. Mutumin da ya saba tsayawa gaban allo yana koyarwa, wanda aka riga aka san sunansa a rediyo, ya je ya durƙusa gaban tsohon masunci ya zama almajiri. Ya koyi kiɗan, ya koyi waƙoƙin cikin harshen Buduma wanda ba nasa ba. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. Bayan rasuwar tsohon, nauyin biram ya koma wuyansa. Ya kai shi har Ingila a 2008 tare da abokin aikinsa makaɗi Umaru Adamu, aka kuma fitar da faifansu a 2009. Ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai, inda ake adana kayan kiɗan gargajiya na ƙasar.

Na san wani mai karatu zai ce: me ya kawo zancen kiɗa cikin mujallar gidajen Musulmi? Tambaya ce mai kyau. Na tashi a gidan liman, na kuma san malamanmu sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa. Wanda ya ɗauki fatawar nisanta ya kama abin da ya fi masa aminci, ba mu da ta cewa a kansa. Haka nan mutanen dā sun danganta biram da iskokin tafki, wannan kuwa aƙida ce da Musulmi ba ya karɓa, domin ruwa da kifi da arziki duk a hannun Allah suke. Amma akwai abin da ba a yi saɓani a kansa ba, shi ne magana ana auna ta ne da abin da ta ƙunsa. Magabatanmu irin su Nana Asma'u da waƙa suka isar da wa'azi cikin gidaje. Maigidan da ya hana 'ya'yansa sauraren kiɗa yana iya karanta musu ma'anar kalmomin da ke koyar da haƙuri da neman halal, ya kuma sanar da su tarihin mutanen da suka yi su.

Abin ya ƙara nauyi saboda abin da ya biyo baya. A watan Fabrairun 2015 'yan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, kuma a cikin wannan shekara aka kwashe dubban mutane daga tsibiran tafkin, da yawansu suka iso Gigimi da ƙafa. A watan Nuwamban 2018 Allah ya yi wa Malam Maman Barka rasuwa a Yamai. Yaron da aka haifa a sansanin gudun hijira, idan ya tashi neman sanin yadda kakansa ya rayu a kan ruwa, muryoyin da aka naɗa suna cikin 'yan abubuwan da zai tarar.

Don haka, ya 'yan'uwa, kowane gari yana da irin nasa Bukar Tar: tsohuwa mai waƙar niƙa da daka, makaho mai rera wa'azi a ƙofar masallaci, manomi mai waƙar gayya. Ba a jin su a rediyo, ba su da mai tallata su. Yau kusan kowane gida akwai wayar salula mai ɗaukar murya. Mu nemi izininsu, mu zauna mu saurara, mu naɗa, mu rubuta sunayensu da na waɗanda suka koya musu, mu kuma yi musu alheri gwargwadon hali.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya, ya zaunar da yankin tafkin Chadi da sauran ƙasashenmu cikin aminci. Amin.