Hannun da ke ruɗin alƙali

Idan ka samu damar kallon wasan besbol na Amurka, ka ƙyale mai jifa da mai duka, ka zuba ido kan mutumin nan da ke tsugune a baya da garkuwa a fuska, wato mai cafke ƙwallo. Ka lura da hannunsa na hagu. Ƙwallo za ta zo ta ɗan kauce gefe, ya cafe ta, kafin ƙiftawar ido ya janyo safar hannun zuwa tsakiya, ya tsaya cak kamar a nan ta same shi. Motsin bai wuce faɗin yatsu uku ba. Alƙalin da ke duƙe a bayan kafaɗarsa sai ya ɗaga hannun dama, alamar jifa ta yi kyau. Mai duka ya waiwayo, ya harare shi, ya yi ƙwafa, ya gyara tsayuwa.

Rigimar duk a kan wani akwati ce da ba a gani. Faɗinsa shi ne faɗin farantin robar da ke ƙasa, inci 17, kimanin santimita 43. Tsayinsa daga ƙasan gwiwar mai duka zuwa wajen tsakiyar ƙirjinsa. Ƙwallon da ta ratsa cikinsa an ci mai duka ɗaya ko da bai kaɗa sanda ba, idan aka yi uku ya fita. Wadda ta kauce kuma laifin mai jifa ne, idan suka kai huɗu mai duka ya wuce zango na farko kyauta. Babu igiya, babu zanen alli. Ƙwallo ce ke tahowa daga nisan mita 18 da ɗoriya, a gudun kilomita 150 cikin sa'a, wani lokaci tana lanƙwasa, ta iso cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Kuma akwatin na sauyawa da kowane mai duka. Na Aaron Judge, wanda tsawonsa ya kai mita 2, daban yake da na Jose Altuve, wanda bai kai mita 1.7 ba.

To, mutum ne ke auna wannan da ido, don haka wayo ya samu ƙofa. Tun da aka kafa kyamarorin bin sawun ƙwallo a duk filayen babbar gasar MLB wajen 2008, masu lissafi suka gano cewa wasu masu cafkewa na samo wa ƙungiyarsu hukunci mai yawa da wannan ɗan jan hannu. Mai cafkewa Jose Molina bai iya duka sosai ba, gudu kuwa sai a hankali, amma ya daɗe ana ɗaukarsa, kuma hannun nan na cikin dalilai. Ƙungiyoyi har koci suke ajiyewa don koyar da wannan jan hannu. A fili ake ruɗin alƙali, kuma ba laifi ba ne a doka.

Kyamarorin sun tona wani abin da ya fi ba ni mamaki. Idan an ci mai duka biyu, saura ɗaya ya fita, akwatin alƙali kan tsuke. Idan mai jifa ya kauce sau uku, saura ɗaya ya yi asara, akwatin kan buɗe. Wato alƙali, ba tare da ya sani ba, yana tausayin wanda ke bakin rami, ko kuma yana gudun a ce shi ya yanke wasa. Halin kirki ne, amma ba shi aka ɗauke shi yi ba.

'Yan wasa sun daɗe da haƙura da cewa kowane alƙali da nasa akwatin. Abin da suke roƙo shi ne ya tsaya kan abu ɗaya. Mai sayen hatsi zai iya jure ƙaramin mudu idan da shi ake auna wa kowa. Abin da ke kawo faɗa shi ne a sauya mudu ana tsakiyar awo. Amma haƙurin ma yana da iyaka. A watan Oktoban 1997, a wasa na biyar na neman zuwa gasar ƙarshe, alƙali Eric Gregg ya buɗe akwati har ya zama ɗaki. Mai jifa Livan Hernandez na Florida Marlins ya fitar da 'yan Atlanta Braves 15, kuma jifar da ta kori Fred McGriff ta rufe wasan ta wuce can nesa da faranti. Har yau mutanen Atlanta ba su manta ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne talabijin. Yanzu ana zana akwatin a kan allo, kowa na gida yana ganin inda ƙwallo ta bi, ban da alƙalin. Wanda kuma ya tsaya musu kan hukuncin jifa, doka ta ba da damar a kore shi daga fili. Alƙali Angel Hernandez ya sha zagi a intanet shekara da shekaru, har ya ajiye aikin a watan Mayun 2024.

Koriya ta Kudu ta yanke hukunci a 2024: na'ura ke auna kowace jifa a gasar KBO, ta faɗa wa alƙali a kunne, shi ya sanar. Amurka ta bi tsakiya. A Satumban 2025 MLB ta amince cewa daga kakar 2026 kowace ƙungiya na da damar ƙalubalantar hukunci sau biyu, kuma idan ta yi gaskiya damarta ba ta raguwa. Mai jifa, mai duka ko mai cafkewa kaɗai ke da ikon nema, ta hanyar taɓa hula nan take, ba tare da jiran shawarar koci ba. Kyamarorin Hawk-Eye su nuna hanyar ƙwallo a babban allo, magana ta ƙare cikin 'yan daƙiƙu. Abin dariya, mai cafkewar da ke ruɗin alƙali yana cikin masu ikon kai ƙararsa.

Tsarin ya fi babu, domin ko ba komai zai hana irin ta'asar 1997 a jifar ƙarshe, muddin ƙungiya ba ta ƙarar da damarta ba. Sai dai alƙali na yanke hukunci kan jifa fiye da 100 a kowane wasa. A ganina, dama biyu sun yi kaɗan.