Kyanwar Bakin Teku da Allurai Huɗu

Yau ba tambayar kowa zan amsa ba. Labarin gidana na kawo muku, kuma kuskuren da ke cikinsa nawa ne.

Shekara tara ke nan ina aiki a sashen magunguna na asibiti. A firijin da ke bayan kujerata muke ajiye allurar rigakafin ciwon haukan kare, kuma ban san adadin iyayen da na miƙa wa ita ina yi musu faɗan sakaci ba. Da wani ya ce mini wata rana ni ce zan tsaya a gaban tagar karɓar magani da tawa 'yar, a ƙasar da ban san kowa ba, da na yi masa dariya.

A hutun ƙarshen shekarar karatu na bara muka tafi Zanzibar, ni da maigidana da 'yarmu mai shekara shida. Mun sauka a wani otal a Nungwi, garin masunta da ke ƙuryar arewacin tsibirin Unguja, a gaɓar Tekun Indiya. Duk wanda ya taɓa zuwa tsibirin ya san kyanwoyinsa. Suna kwance a lungunan tsohon birnin, suna zagaye masu gasa kifi a dandalin Forodhani da dare, suna kuma ƙarƙashin teburan cin abinci na otal-otal. Kalmar Suwahili ta farko da 'yata ta koya ita ce paka, wato kyanwa.

Daren farko, wata 'yar siririyar kyanwa mai launin toka ta zo ta zauna kusa da ƙafarmu, ta ɗaga kai tana kuka a hankali. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta. 'Yata ta ja mayafina ta ce, "Umma, yunwa take ji." Na ce mata ba a ba su abinci a nan. Sai ta kawo mini abin da aka koya mata a Islamiyya, labarin matar da ta shiga wuta saboda ta ɗaure kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ban sami amsar ba ta ba. Ni ma a gidan kakata na tashi ina ganin ana zuba wa mage sauran fura a sakaina, ana kuma ba mu labarin sahabin da aka yi wa laƙabi da Abu Huraira saboda 'yar kyanwarsa. Da hannuna na gutsuri kifin na jefa mata.

Washegari kyanwoyi uku suka zo. A dare na uku sun kai bakwai, har da wani ƙaton muzuru mai tabo a fuska. Ba na jefawa kuma, amma yarinya ta riga ta ga uwarta ta yi. Ina magana da babanta, ta sunkuya ta miƙa guntun nama da hannunta. Biyu suka kai wa naman wawa lokaci guda, ta janye hannu tana kuka. A bayan hannunta na dama akwai layi biyu jajaye, gajeru, ko jini babu.

Maigidana ya duba ya ce, "Haba, wannan ai ba komai ba ne. Ko jini bai fito ba, kuma kyanwa ce, ba kare ba." Maganar da nake ji kullum a wurin aiki ke nan, kuma a daren ni ma na so ta zama gaskiya. Wanzami dai ba ya son jarfa. Amma sunan da muka ba wa cutar da Hausa shi ke yaudarar mutane. Ƙwayar ciwon haukan kare tana kama duk dabbar da ke shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kimanin 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Gaskiya ne kusan 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka, amma kyanwar da ke yawo inda karnuka ke yawo tana iya kamuwa. A Amurka, inda aka shawo kan cutar a jikin karnuka, kyanwa ce aka fi samu da ita a cikin dabbobin gida. Tanzaniya kuwa, kamar Najeriya, tana cikin ƙasashen da cutar take har yanzu. Ƙwayar tana cikin yawu, kyanwa kuma kullum cikin lasar ƙafafunta take, shi ya sa yaƙushi ma ba a raina shi.

Na ɗauki yarinyar zuwa famfo, na wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, ina duba agogo har minti 15 suka cika. Minti 15 da yarinya mai kuka lokaci ne mai tsawo, amma wannan wankin shi ne mataki na farko, yana kuma rage ƙwayar cutar ƙwarai kafin ta shiga jijiya. Bayan nan na goga sifirit. Ta yi ƙara ta ce da zafi. Wannan zafin ya tabbatar mini cewa fatar ta buɗe, ko da ido bai ga jini ba. Na shafa aidin, ban ɗaure wurin ba.

Likitoci sun kasa irin wannan haɗuwa da dabba gida uku. Na farko, ka taɓa dabbar ko ta lashi lafiyayyar fata: wanki ya wadatar. Na biyu, ƙaramin yaƙushi ko ƙujewa ba tare da jini ba: wanki da allurar rigakafi. Na uku, cizo ko yaƙushin da ya huda fata har jini ya fito, ko yawu ya taɓa ido, ko baki, ko wani rauni: wanki, da allurar rigakafi, da kuma wata allura ta daban mai suna imunogulobulin, wadda ake yi a cikin raunin da kewayensa domin ta tare ƙwayar kafin jiki ya haɗa nasa makaman. Ita wannan tana da tsada, tana da wuyar samu a wurare da yawa, kuma ba a yin ta idan an wuce kwana 7 da allurar farko. Na 'yata a gida na biyu ya faɗa.

Abin da ya hana ni barci a daren shi ne halin cutar. Takan yi wata biyu zuwa uku a ɓoye, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, tana bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Kafin alamu su bayyana, allura tana hana ta kusan ɗari bisa ɗari. Da zarar sun bayyana, zazzaɓi, ruɗewa, tsoron ruwa, to kusan babu mai tashi. Tun shekarar 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allurar a Faransa ya tsira, dabarar ba ta canza ba: a riga cutar isa. Ana iya sa ido a kan kare ko kyanwa na kwana 10, idan tana nan lafiya sai likita ya duba yiwuwar dakatar da allurar. To amma wace kyanwa ce a cikin bakwai, da dare, a ƙarƙashin tebur? Mu kuma saura kwana huɗu mu bar ƙasar.

Da gari ya waye muka ɗauki mota zuwa birni, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi. A wani asibiti aka yi mata allurar farko a dantse. Na tambayi mai ba da maganin ya nuna mini kwalbar, na duba ranar ƙarewar wa'adinta, na kuma tabbatar daga firiji ta fito, domin allurar tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ya yi murmushi ya ce da gani aikinmu ɗaya. Na roƙi a rubuta mini sunan allurar da ranar da aka yi ta a kati. Likitan ya tambayi rigakafinta na tetanos, ciwon sarƙewar haƙora, na nuna masa hoton katinta a wayata. An yi ta biyu a rana ta 3, muka sake yin wannan doguwar tafiya. Ta uku, a rana ta 7, daga firijin da ke bayan kujerata na ɗauko ta. Ta huɗu aka yi bayan mako biyu. Kwana biyu cikin hutun kwana bakwai a mota da layin asibiti suka tafi, da kuɗin da ba mu yi kasafinsu ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Tambayar 'yata dai tana nan ban amsa ba: kyanwar tana jin yunwa, shin laifi ne a ciyar da ita? Wanda ya taimake ni a kan wannan wani dattijo ne cikin masu kawo abinci a otal ɗin. Da ya ga hannun yarinyar, ya ce mini, "Ku baƙi kuna ba su, ku tafi. Mu ake bar wa su." Ya bayyana mini cewa daga Maris zuwa Mayu, lokacin ruwan sama mai ƙarfi, baƙi suna raguwa sosai, kyanwoyin da suka saba da tebur sai su rasa abin yi. Ya zagaya da ni bayan kicin, ya nuna mini kwanukan da ma'aikata ke zuba musu abinci da ruwa safe da yamma, nesa da baƙi. Ya kuma nuna mini biyu da aka ɗan yanke ƙarshen kunnensu, alamar likitan dabbobi ya yi musu aikin hana haihuwa.

A nan na gane bambancin magen kakata da wadda na jefa wa kifi. Ta kakata tana da gida, an san ta, an san lafiyarta, akwai mai ci gaba da ba ta gobe. Ni kuwa baƙuwa ce ta mako guda. Abin da na yi ya koya wa kyanwoyi cewa abinci yana hannun mutane, ya tara su wuri guda suna faɗa, ya kuma kawo faratansu daidai inda hannun yaro yake. Cikin kyanwa kusan wata biyu ne kacal, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, 'yarta kuma tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida. Abinci ba tare da aikin hana haihuwa ba yana ƙara yawan masu yunwa ne a baɗi. Ko abin da muke jefa musu ma ba alheri ba ne kullum. Albasa da tafarnuwa da ke cikin girkinmu suna lalata jinin kyanwa, ƙayar dafaffen kifi tana maƙale mata, madarar shanu tana sa yawancinsu gudawa. A matsayina na mai harhaɗa magunguna kuma ina roƙo: kada wanda ya ga kyanwa ba lafiya ya ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Saboda haka amsata ita ce a ciyar, amma ba daga tebur ba, ba kuma da hannu ba. Wanda zuciyarsa ta motsa ya tambayi ma'aikatan otal ko suna da wurin ciyarwa, ya sayi abincin kyanwa ya ba su su zuba, ko ya ba da gudummawa ga likitocin dabbobi da ke yi musu rigakafi da aikin hana haihuwa a yankin. Haka muka yi kafin mu taho. 'Yata ta tsaya daga nesa, hannunta cikin nawa, tana kallon dattijon yana zuba abincin da ta zaɓa da kanta.

Ga iyalan da ke shirin irin wannan tafiya, akwai wasu ƙananan abubuwa da ya kamata a sani. Kyanwoyi da karnuka suna bayan gida a yashi, kuma a yashi mai danshi da inuwa akwai 'ya'yan tsutsa da ke shiga fatar ƙafa su bar jan layi mai ƙaiƙayi. A sa wa yara takalmi, a shimfiɗa tabarma kafin a zauna. Shafa jikin 'yar kyanwa yana iya kawo makero. Mai juna biyu ta nisanci kashin kyanwa, ta wanke hannu bayan taɓa ƙasa ko yashi, domin akwai ƙwayar cuta a cikinsa da ke iya cutar da ɗan tayi. Cizon kyanwa kuwa, ko da babu batun hauka, haƙoranta siriri ne masu shiga da zurfi, raunin yana saurin ruɓa, musamman a hannu. A kai wa likita a ranar. Mafi muhimmanci, a gaya wa yara cewa idan dabba ta cije su ko ta yaƙushe su, su faɗa nan take, ba za a doke su ba. Yaron da ya ɓoye yaƙushi don tsoron faɗa shi ne ya fi shiga haɗari.

Tabon hannun 'yata ya ɓace tuni. Katin allurar yana nan cikin jakar fasfo ɗinmu, domin idan irin haka ta sake faruwa, wanda ya taɓa kammala allurar ba ya buƙatar imunogulobulin, allurai kaɗan na ƙari sun ishe shi. A wurin aiki kuma, idan uwa ta zo da takardar likita tana sunkuyar da kai, na daina faɗa. Ina tambayarta ne ko ta wanke wurin, da kuma yaushe abin ya faru.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya kare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.