Haƙuri Ba Ya Tare Harsashi

Tun ina yaro nake jin manya suna cewa mahaƙurci mawadaci, har na girma ban san wata magana da ake gaya wa matar aure in ta kawo kuka ba sai wannan. Ni da bakina na faɗa wa yayata ita sau uku, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Mijinta ɗan banga ne a ƙauyenmu. Da ɓarayin daji suka matsa, sai jama'a suka yi karo-karo aka saya wa 'yan banga bindigogi ƙirar maƙera. Da ma yana dukanta, amma kullum ta yi yaji sai a ce zo mu zauna zo mu saɓa, a mai da ita ɗakinta.

Wata rana da tsakar dare, cikin daminar 2022, ina hutu a gida, sai ga ta ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, da goyo a baya, tana riƙe da yara biyu. Ta ce, "Auta, yau ba ni ya nuna da bindiga ba, yaran ya nuna. Ya ce in na sake yaji, da su zai fara."

Da gari ya waye kawunanmu suka ce kada a tona asirin gida. Saura kaɗan in bi bayansu, sai Inna ta ce, "In aka binne mini jikoki, wane asiri ya rage?"

To, ga abin da muka yi. Da farko muka kai ta birni wurin gwaggonmu tare da yaran, ba wanda muka gaya wa. Sa'an nan muka sanar da dagaci da shugaban 'yan banga, aka karɓe bindigar, muka kuma kai ƙara ga 'yan sanda. Wata lauya ta fahimtar da mu cewa tun 1959 doka ta hana riƙe bindiga ba lasin. Akwai kuma dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda ta ba kotu ikon hana mutum kusantar wanda yake cuta, a Abuja da jihohin da suka karɓe ta. A kotun shari'a kuwa muka tarar ashe a mazhabar Malikiyya alƙali yana raba aure in cutarwa ta tabbata, renon yara kuma na uwa ne. Maƙwabta biyu suka ba da shaida, aka raba.

'Yan'uwana ɗalibai, mu ne ake kira masu ilmi a gidajenmu. Ran da 'yar'uwarka ta ambaci makami da yara, kada ka tsaya ba ta haƙuri. Ka fara kai su inda hannunsa ba zai kai ba, sulhu ya biyo baya in akwai. Allah ya kyauta.